Bas biyu, buta ɗaya: yadda na koyi kai mutanenmu Badagiri

Na yi shekara goma sha ɗaya a Legas kafin na shiga Badagiri da niyyar kallo. Wucewa kam na sha yi. Duk wanda ya zauna a Alaba Rago ya san hanyar Seme kamar yunwar cikinsa, amma a wurina garin bai wuce shataletalen nan da mota ke karkatawa ta nufi bakin iyaka ba. Wanda ya ja ni ciki ɗan ƙanen mahaifina ne, ma'aikacin gwamnati, da aka turo kwas makarantar horar da ma'aikata ta ASCON da ke Topo, a gefen Badagiri. Mako uku ya yi a can bai san ko'ina ba sai aji, masallaci da ɗakin kwana. Wata Asabar na kai masa ziyara, zama ya ishe mu, muka tare 'yan acaba muka ce su kai mu bakin ruwa. Abin da na gani kafin la'asar ya hana ni barci da wuri a daren nan.

Ni ne sakataren ƙungiyar 'yan garinmu. Kowace Babbar Sallah, idan an gama hada-hadar raguna aljihu ya ɗan yi nauyi, mukan ɗebi iyali mu fita shan iska. Wuraren da muka saba zuwa duk sun gundure mu: cunkoso, kiɗa kamar zai fasa kunne, ga tsada. Sai na kawo shawarar Badagiri a taro, na zuba mata gishiri iya ƙarfina. Aka ce to, tunda kai ka gani, kai za ka kai mu.

Na ɗauko bas biyu, mutum talatin da shida, har da dattawa huɗu da mata da yara. Na sa ƙarfe bakwai na safe. Ba mu tashi ba sai tara da rabi, domin wani ya tafi neman hularsa, wata tana jiran shinkafa ta tsotse. Daga Okokomaiko zuwa Badagiri ba wata tafiya ba ce a taswira, amma wanda ya san titin nan a shekarun da ake ta aikin faɗaɗa shi, aikin da aka fara tun 2009, ya san abin da nake nufi. Muka maƙale kafin Agbara. Muka wuce Agbara muka shiga layin shingaye, kowane shinge sai an leƙo an ga huluna da hijabai an tambayi ina za mu. Ban taho da ko takarda ɗaya mai nuna mu ƙungiya ce ba. Rana ta take tsaka muka isa.

Wurin farko da na kai su shi ne farin benen nan na kan titin Marina, wanda 'yan mishan suka gama ginawa a 1845 ƙarƙashin wani limaminsu Gollmer, inda limamin Kirista Bayarabe Samuel Ajayi Crowther ya taɓa zama. Ɗan jagora ya buɗe baki da Turanci kamar an kunna rediyo, ni kuma na zama tafinta ban shirya ba. Da ya ce wannan ne bene na farko a Nijeriya, na fassara, sai wani dattijo Bakatsine da ke cikinmu ya gyara tsayuwa a kan sandarsa.

"Yaro, tambaye shi, ya taɓa jin Gobarau?"

Na ce, "Baba, a bar maganar."

"A'a, tambaye shi. Hasumiyar nan tana tsaye kafin kakan kakan wanda ya gina wannan ya zo duniya. Sorayen Kano fa?"

Na tambaya. Ɗan jagoran bai taɓa ji ba, kuma ransa ya ɓaci, ya ɗauka raini ne. Daga nan rabin mutanena suka daina sauraro.

Azahar ta yi. Sai a lokacin na tuna ban tambayi inda za a yi salla ba. Buta ɗaya ce a cikin bas biyun, ta direba. Mata suka rasa inda za su kewaya. Aka yi ta layi a kan butar nan kusan awa guda, wata Hajiya tana kallona tana girgiza kai ba ta ce komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Da muka zo tsallaka ruwa zuwa tsibirin Gberefu, mutane suka ga kwale-kwale yana rawa a bakin gaɓa, fiye da rabi suka ce Allah ya tsare, su nan za su jira. Waɗanda suka tsallaka suka dawo da yunwa, ba inda na tanadi abinci. Muka iso gida bayan isha'i, na cika kuɗin direbobi daga aljihuna. A taron wata mai zuwa aka raɗa mini suna Sarkin Buta, har yau wasu ba su daina ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Ba asarar kuɗin ba, a'a, ganin cewa na kai mutane wurin da ya girgiza ni, su kuma abin da suka dawo da shi labarin buta ne. Na zaci wurin zai yi magana da kansa. Ashe gini bebe ne, sai an samu mai yi masa baki.

Cikin watannin da suka biyo baya na koma ni kaɗai sau uku, ranakun da ba kasuwa. Na nemi wani ɗan jagora mai haƙuri, mutumin garin, ɗan ƙabilar Ogu waɗanda mutanen Legas ke kira Egun. Na biya shi kuɗin yini, na ce ba kallo na zo ba, karatu na zo. Muka bi wuraren ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa: gidan tarihin da ke cikin tsohon ofishin Di'o wanda aka gina a 1863, gidan dangin Mobee inda sarƙoƙi da maruruwa suke, filin kasuwar bayi ta Vlekete, da wurin da bishiyar Agia ta tsaya, wadda a ƙarƙashinta Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a watan Satumba na 1842, guguwa ta kayar da ita a 1959. Da dare kuma na riƙa bin abin da na rubuta ina bincike a waya, domin na lura 'yan jagora ma sukan ƙara gishiri, kowa da shekarun da yake faɗa.

A nan na tsinci abin da ya sauya mini tafiyar gaba ɗaya: Badagiri cike take da labarinmu, ba wanda ya taɓa gaya mana.

Bature Hugh Clapperton, wanda mutanen Sakkwato suka sani da Abdullahi, daga Badagiri ya kama hanya a watan Disamba na 1825 a tafiyarsa ta biyu. Ya bi ta ƙasar Oyo, ya tsallaka Kwara a wajen Busa, ya shiga Kano, ya ƙarasa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ajali ya riske shi a watan Afrilu na 1827. Yaronsa Richard Lander, wanda aka yi wa laƙabi da Nasara Ƙarami, shi ya dawo da takardunsa, ya sake fitowa ta Badagiri. A garin aka zarge shi da leƙen asiri aka sa shi shan gwaji na guba, ya tsira da ƙyar. A 1830 ya dawo da ƙanensa, suka sake farawa daga nan, suka bi Kwara har inda ta faɗa teku. Wato hanyar da ta haɗa bakin ruwan nan da Kano da Sakkwato ta girmi Nijeriya nesa ba kusa ba, kuma Turawan ba su suka share ta ba, sawun fatake suka bi.

Sai gidan Seriki Williams Abass, wanda a ganina shi ne zuciyar garin ga baƙo irinmu. Kalmar Seriki ɗin ma tamu ce, sarki ce ta sha ruwan Kudu. Mutumin nan Bayarabe ne, an kama shi yana yaro aka sayar wa wani mai suna Abass, shi kuma ya sayar wa wani Williams da ya tafi da shi Birazil. Sunayen iyayen gijinsa biyu ne yake ɗauke da su. Ya koyi karatu a can, ya dawo, ya shiga cinikin da aka yi da shi. Daga baya ya zama Sarkin Musulmin Badagiri, ya rasu a 1919, kabarinsa na cikin gidan. An ce ɗaki arba'in ne a gidan na tsare bayi kafin jirgi ya zo. An bar guda biyu yadda suke, sauran jikoki na zaune a ciki, za ka ga shanya da yara suna wasa a tsakar gida. Ɗakin ɗan mitsitsi ne, da 'yar kafar iska can sama wadda hannu kaɗai zai shiga. Akwai wata tsohuwar laima mai nauyi da 'yan jagora ke cewa mutum arba'in aka bayar aka karɓo ta.

Waɗanda aka kwasa daga wannan gaɓa, daga Ikko zuwa Badagiri zuwa Wida ta Jamhuriyar Benin, da yawa Bahiya ta Birazil aka kai su, kuma a cikinsu akwai Hausawa. Su suka jagoranci yunƙurin bayi a can a 1807 da 1814. A watan Janairu na 1835, cikin azumi, Musulmin birnin Salbado na Bahiya suka yi babban boren da tarihi ya riƙe, yawancinsu Yarabawa tare da Hausawa, aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ranar da na karanta wannan na ajiye waya na daɗe ina kallon rufin ɗaki.

Da ƙyar ƙungiya ta yarda a sake gwadawa. Wannan karon bas ɗaya na ɗauka, mutum goma sha takwas. Na ce mota za ta tashi bayan sallar asuba da minti talatin, wanda ya makara kuɗinsa ya zama sadaka, kuma na cika alkawari: mun bar mutum biyu, ɗaya ma surukina ne. Na rubuta wasiƙa da hatimin ƙungiya da sunan kowa, duk shingen da aka tsayar da mu sai in miƙa ta kafin a tambaya. Buta shida, tabarma huɗu, jarkar ruwa biyu. Tun mako guda kafin nan na je na gaida limamin wani masallaci a garin, na nemi izinin mata su yi amfani da makewayinsu, ya ce ai gidanku ne. Na kuma shirya da wata mai abinci ta dafa mana shinkafa da miyar ɗanyen kifi, na ba ta rabin kuɗi tun kafin ranar.

Kuma na juya tsarin kallon. Ban fara da bene ba. A cikin mota na fara, da Hausa, da labarin Abdullahi Bature da Muhammadu Bello, ina nuna musu cewa hanyar da muke bi a yau wasu sun bi ta da ƙafa har Sakkwato. Kafin mu isa, mota ta yi tsit. Muka sauka kai tsaye gidan Seriki Abass. Na roƙi ɗan jagora ya riƙa faɗin jimla biyu yana tsayawa in fassara. Muka shiga ɗakin nan mu goma, aka turo ƙofa. Ba a yi minti ɗaya ba wata mata ta fara salati tana neman hanyar fita.

A tsakar gidan ne wani yaro ɗan sakandare ya yi tambayar da na san za ta zo.

"Kawu, to su Hausawan da aka kawo nan, wa ya sayar da su?"

Na buɗe baki ke nan, sai dattijon nan Bakatsine, wanda ya sake biyo mu duk da abin da ya faru, ya riga ni.

"Mu muka sayar da juna, ɗana. Bature ya zo da jirgi ne, bai shiga daji ya kama kowa ba. A kasuwar Kurmi ma an sayar da mutum. Kakata ta san waɗanda aka saya."

Ba wanda ya ƙara magana. Na ƙara musu da cewa a Arewa sai a 1936 doka ta gama haramta bauta baki ɗaya, wato akwai waɗanda ke raye a yau da iyayensu suka ga ƙarshen abin. Ɗan jagoran bai ji Hausa ba, amma ya ga fuskoki, ya tambaye ni me aka ce. Da na gaya masa ya ce su ma a garin akwai gidajen da ba sa son a tono wannan magana.

Maganar bene kuwa, na samo mata mafita. Kafin mu shiga nakan ce, wannan ne benen farko irin ginin Turawa a ƙasar nan, Gobarau na nan daram a matsayinta. Baba ya gyaɗa kai, aka wuce lafiya. Har ɗan jagoran na nuna wa hoton hasumiyar a waya, yanzu shi da kansa yake ambatonta idan ya ga baƙi masu huluna.

Tsallaka ruwa shi ne inda na fi yin dabara. Mutumin da ya tashi a Funtuwa ko Gumel, ruwan da ya sani bai wuce kududdufi da dam ba, in ka nuna masa kwale-kwale dole gabansa ya faɗi. Na shirya da mai jirgi ya tanadi rigar kariya ga kowa, na hana ɗaukar fiye da kima, na sa dattawa suka fara shiga. Da mata suka ga Baba ya zauna ya rungume sandarsa yana hailala, kunya ta sa kowa ya bi. Tsallakawar ma 'yan mintuna ce. Daga can sai tafiyar ƙafa ta kusan rabin awa cikin yashi, tsakanin itatuwan kwakwa, hanyar da aka bi da bayi zuwa bakin teku. A tsakiya akwai rijiyar da ake cewa ana tilasta musu sha don su manta gida. Ko gaskiya ne ko almara, ba wanda ya yarda ya taɓa ruwan a cikinmu. Sai ka ji rugugi tun kafin ka ga komai, ka hau ɗan tudu, teku ta buɗe a gabanka ba iyaka. Nan ne ake kira wurin da in an je ba a dawowa.

A nan na kusa shiga uku. Ina can ina ɗaukar dattawa hoto, yara suka shiga ruwa. Tekun wannan gaɓa ba ta wasa, igiyarta na zuwa da ƙarfi ta kuma janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Ɗaya ta buge wani yaro ɗan shekara tara ta fara jan sa, wani masunci da ke gyaran raga kusa ya yi tsalle ya cafko shi ta riga. Uwar ba ta yi mini magana ba har muka iso gida. Tun daga ranar, kafin kowa ya cire takalmi nakan ja layi da sanda a kan yashi, in tsayar da samari biyu a kai, kuma ina biyan wani ɗan garin da ya iya ruwa ya tsaya tare da mu.

Tafiya ta uku na haɗa ta da bikin garin na watan Agusta, wanda ake yi daidai lokacin ranar tunawa da cinikin bayi ta duniya, 23 ga wata. Garin ya cika, an fito da gangunan sato, dogaye har sun fi mai kaɗa su tsawo, ga dodannin Zangbeto masu kama da bukkar ciyawa suna juyi. Samari sun ji daɗi. Wasu daga cikin manya kuwa suka tsuke fuska suka koma mota, suka ce ban gaya musu za a zo kallon dodanni ba. Gaskiyarsu. Yanzu nakan faɗa tun a gida abin da za a gani, mai so ya zo, wanda ba ya so ya jira tafiyar da ba biki.

Zuwa da komowar nan ya sa na fara kallon garin da idon ɗan kasuwa. Ƙoƙari ana yi: ga bikin Agusta, ga wani da ake yi don tarbar jikokin bayi daga Amurka da Birazil, inda ake shigo da su ta wata ƙofa da aka raɗa wa ƙofar dawowa, ga bikin kwakwa, ga sabon gidan tarihi a Vlekete, ga wuraren shaƙatawa na bakin ruwa irin Suntan da Whispering Palms. Amma duk hankalin ya tafi kan baƙon da zai zo daga ƙetare da dala, sau ɗaya a shekara. Mu da muke Alaba Rago, Agege, Idi Araba da Mile 12, ga ma'aikatan Arewa da ke zuwa kwas Topo rukuni bayan rukuni, ba wanda ya lissafa da mu. Ban ga allo ɗaya da aka rubuta da Hausa ba, ban kuma haɗu da ɗan jagora ɗaya mai jin ta ba, alhali garin na da Hausawa mazauna da za a iya koya wa aikin cikin wata guda. Kuma yawancin baƙi ba sa kwana, su zo da rana su gudu kafin duhu saboda hanya, kuɗinsu ya koma tare da su. A tafiya ɗaya mutanena goma sha takwas sun sayi kwakwa buhu-buhu, man kwakwa, kifi banda da tabarmi, har mai abincin nan ta karɓi lambata tana kira tana tambayar yaushe za mu dawo. Idan babban titin Sakkwato zuwa Badagiri, mai kilomita 1,068, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Illela a watan Oktoba na 2024, ya tabbata, wannan gari zai zama tekun da ta fi kusa da Basakkwace da Bakabe. Ban ga alamar sun fara shirin tarbarsu ba.

A tafiya ta huɗu Baba bai samu zuwa ba, ƙafa ta matsa masa. Da asuba ya aiko jikansa da gorar roba, ya ce a cika masa ita da ruwan teku daga can wurin da ba a dawowa, zai kai Katsina ya nuna wa abokansa na majalisa, don sun ƙaryata shi da ya ce ruwan gishiri ne. Na cika masa. Da na kai masa da dare ya buɗe ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya rufe.

"Sarkin Buta," ya ce, "baɗi ka ajiye mini kujerar gaba."